Tsarin Gaɓa a Dogayen Sunayen Sinadarai na Ingilishi da Furucinsu a Bakin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga abin da marubucinta ke ji a shagunan sayar da magani na Ajilari, Maiduguri, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin Barebari da sauran al'ummu. Manufarta ita ce bayyana yadda Ingilishi ke gaɓanta waɗannan sunaye, da abin da kan biyo baya in sun shigo Hausa.

2.0 Gaɓantawa a Ingilishi

Sunan sinadari jerin ƙwayoyin ma'ana ne, akasari daga Girkanci da Latin. Misali, cikakken sunan DDT ya ƙunshi guntaye 7: di-chloro-di-phenyl-tri-chloro-ethane. A furuci kuwa gaɓoɓi 11 ne: di-chlo-ro-di-phe-nyl-tri-chlo-ro-e-thane. A nan ana furta ch a matsayin /k/, ph kuma /f/, saboda asalinsu na Girkanci.

Sai dai iyakar gaɓa ba kullum take dacewa da iyakar ma'ana ba. An gina acetaminophen, sunan farasitamol a Amurka, daga acet-amino-phen, amma ana furta shi a-ce-ta-mi-no-phen, wato baƙin ƙarshen guntun farko ya koma goshin gaɓar da ke biye. Ƙarfin furuci yana kan mi.

3.0 Furucin Bahaushe

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. Ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake saƙala wasali a tsakaninsu. Da haka chloroquine mai gaɓa 3 ya zama ku-lo-ro-kwin mai gaɓa 4. Da sunan ya yi tsawo kuma, sai masu saye su gutsure ƙarshensa.

A nan haɗari yake. Chlorpromazine maganin taɓin hankali ne, chlorpropamide kuwa na ciwon sukari. Gaɓoɓinsu biyu na farko ɗaya ne, kuma duka ƙarfin furucinsu kan pro yake. Bambancin yana ƙarshe, wato daidai inda ake gutsurewa. Shi ya sa a 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi a riƙa rubuta su chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE.

4.0 Kammalawa

Manyan baƙaƙe ba sa amfanar wanda ya zo da sunan magani a baki. Ya kamata masana harshe da masana magunguna su daidaita furucin waɗannan sunaye da Hausa, ta yadda gaɓar da ke bambancewa ba za ta salwanta ba.