Ko Kun Sani? Gaɓoɓin Motar Tona Ƙasa Suna Gyaruwa

Ko kun san cewa idan hannun motar tona ƙasa ya fara lilo, galibi gaɓoɓinsa ne suka cinye? Kamfanin JCB na Ingila, wanda Joseph Cyril Bamford ya kafa a 1945, ya fito da tarakta mai hannun tona a baya tun 1953, kuma har yau gaɓoɓin nan suna shan wahalar aiki.

Kowace gaɓa tana da sandar ƙarfe mai kauri da makanikai ke kira fin, wadda ke juyawa cikin wani zobe mai suna bushin. An sa bushin ne domin ya cinye a madadin jikin hannun mai tsada. Yashi da ƙura kuwa, idan suka gauraya da giris, sai su yi ta gogar ƙarfen. Shi ya sa ake ɗura sabon giris kullum, ya turo dattin waje.

Idan aka yi sakaci har ramin da bushin ke zaune a ciki ya buɗe, sai a cike cikinsa da walda, sannan a ɗaura injin yanka a jikin hannun ya mayar da ramukan girmansu na asali, a kan layi ɗaya. Wasu makanikai kan tsoma sabon bushin cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya tsuke ya shige cikin sauƙi. Da ya ɗumama sai ya kama ramin gam.