Shiga da Dannawa Ɗaya, Fita Sai an Sha Wuya

A wani shagon fotokwafi a Shamaki, cikin garin Gombe, na ga kwali cike da kwafin takardun NIN da inji ya ɓata. Ga hoto, ga suna, ga lamba, duk a fili. Masu su sun karɓi mai kyau sun tafi, ba wanda ya ce a miƙo masa gurɓataccen ya yaga.

Ga shi kuwa ƙa'idar kare bayanan mutane a Najeriya ta fito ne a Janairun 2019 daga hukumar NITDA, lokacin ɗan garin nan, Isa Ali Pantami, ke jagorantarta. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukumar NDPC. Yanzu kana da ikon tambayar banki ko kamfanin waya abin da ya ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge abin da amfaninsa ya ƙare. Dokar ta kuma ce janye yarda kada ya fi ba da ita wuya.

A nan gizo ke saƙa. Ikon da yawancin kamfanoni ke ba ka maɓalli ne guda, "na yarda", a gindin dogon Turancin lauyoyi. Ka ƙi dannawa, manhaja ta ƙi buɗewa. Wurin janyewa kuwa sai ka tona kamar mai neman allura a rairayi.

Manhajojin bashi sun fi kowa ta'adi. Kafin su ba ka sisi sai sun kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara saƙon tonon silili ya isa wayar surukinka da ta maigidanka. To su waɗannan yaushe suka yarda? A 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, daga 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotuna. Manya ma ba su tsira ba: a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta yanka wa Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220.

Da na tambayi mai shagon fotokwafin nan ina yake kai takardun, sai ya nuna min mai ƙosai a bakin titi. Da su take ƙunshe wa mutane.