Gudale, san turka

Manoma da makiyaya, yau za mu yi bayani bisa gudale, wanda wasu ke kira bokolo. Asalin wannan iri ƙasar Sakkwato ne, cikin Najeriya. Daga can ya shigo kudancin ƙasarmu, wajen Ƙwanni da Gaya.

Gane shi ba wuya. Fari ne ko toka-toka, ƙahonsa gajere, tozonsa babba, fatar wuyansa tana reto. Bijimin da ya ƙoshi yakan kai kilo 500. In an feɗe shi, kimanin rabin nauyin nan nama ne da ƙashi.

Gudale yana da sanyin hali, yana jan garma da amalanke. Amma bai kai shanun bororo jure doguwar tafiya ba. Shi ya sa turka a gida ta fi karɓarsa.

Kafin mu turke shi, mu nemi ma'aikacin kiwo ya yi masa allurar rigakafi, ya ba shi maganin tsutsar ciki, don kada abincinmu ya tafi a banza. Mu ba shi harawar wake, dusa, angurya, gishiri da ruwa mai tsabta. Cikin wata 3 ko 4 ya isa kai wa kasuwa.