Lissafin Nauyin Mol da Amfaninsa ga Mai Sayen Taki

Mai sayar da goro yakan ƙirga hajarsa ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, shi kuwa mai sayar da gero ba shi da halin ƙirga tsaba, sai ya ɗauko mudu. Masanin kimiyyar sinadarai yana tsakanin waɗannan biyu. Yana bukatar sanin adadin ƙwayoyin zarra, domin bisa adadi suke haɗuwa da juna, alhali kuwa ƙanƙantarsu ta hana a ƙirga su. Mafitar da masana suka samu ita ce ma'aunin da ake kira mol, wanda aka shigar cikin ma'aunan duniya a 1971. Mol ɗaya ya ƙunshi ƙwayoyi 6.022 × 10²³, adadin da aka laƙaba wa sunan Amedeo Avogadro, masanin ƙasar Italiya. Nauyin mol kuwa shi ne yawan giram ɗin da mol ɗaya na wani sinadari ya kai a kan sikeli.

Hanyar lissafin ba ta da wuya. Da farko a rubuta alamar sinadarin. Sannan a duba jadawalin sinadarai, a ɗauko nauyin kowace zarra, a ninka shi da yawan zarrar a cikin alamar, daga bisani a tara. Alal misali, alamar ruwa ita ce H₂O. Nauyin haidurojin 1 ne, ga shi kuma guda biyu ne, ya zama 2. Na oksijin 16 ne. Jimla 18, wato mol ɗaya na ruwa giram 18 ke nan. Gishirin miya, NaCl, ya haɗa sodiyam mai 23 da kulorin mai 35.5, ya tashi giram 58.5.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wurin baka biyu. Takin yuriya alamarsa CO(NH₂)₂. Lambar 2 da ke bayan baka ta shafi duk abin da ke cikinta: naitirojin 14 da haidurojin 2 sun ba da 16, a ninka sau biyu ya zama 32. A ƙara kabon 12 da oksijin 16, jimla 60. Wanda ya manta da lambar waje zai sami 44, kuma duk lissafin da ya ɗora a kai ya rushe.

A nan ne batun ya shafi jami'in gona da mai sayen kaya na gwamnati. Abin da shuka ke nema a cikin yuriya shi ne naitirojin, wanda ya ɗauki 28 daga cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya bisa ɗari. Wannan ne asalin lambar 46 da ake bugawa a jikin buhu. Takin amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, nauyin mol nasa 132 ne, naitirojin ɗinsa kuwa 28 ɗin nan ne dai, kashi 21 kacal. Saboda haka buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, takwaransa kuwa kilo 10 da rabi. Jami'in da ya kwatanta farashin buhunan biyu bai yi wannan lissafi ba, yana iya zaɓar wanda ya fi araha a ido, ya kai wa manoma ƙasa da rabin naitirojin ɗin da gonakinsu ke bukata.