Fitila a Madadin Rana: Rainon Dashen Kayan Lambu a Cikin Ɗaki



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata dabara da masu lambu a ƙasashen sanyi suke amfani da ita, watau rainon dashen tumatir da tattasai da kabeji a cikin ɗaki, a ƙarƙashin fitilar lantarki da ake kira LED. Za mu ga dalilin da ya haifar da dabarar, da yadda take aiki, sa'an nan mu auna gwargwadon amfaninta a gare mu.

Dalilin Dabarar

Birnin Landan yana can arewa nesa da tsakiyar duniya, saboda haka a watan Disamba tsawon yini a can kimanin awa 8 ne kawai, ranar ma takan ratsa ta gefen sama ne, ba ta da ƙarfi. Tumatir da tattasai kuwa ba su jure sanyi mai daskarar da ruwa. Dare ɗaya ya isa ya kashe su. Idan mai lambu ya jira sai sanyi ya wuce kafin ya shuka, lokacin ɗumi zai ƙare masa tun bai more amfani ba. Tun da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai ya shuka irin a cikin ɗaki, mako 6 zuwa 8 kafin ƙarshen sanyi.

To, a nan matsala take. Hasken da ke shigowa ta taga ba ya isar tsiro. Tsiron da ya rasa haske yakan miƙe zalalan, ya yi siririn kara, ya karkata wajen taga, ganyensa ya koɗe. Irin wannan ba ya yin ƙarko idan an dasa shi.

Abin da Tsiro Yake Bukata

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana. A cikin ganye akwai wani koren sinadari, kulorofil, wanda yake kama haske ya haɗa ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, ya mayar da su sukari. Wannan sinadari ya fi kama ja da shuɗi. A shekarar 1972 wani masani, Keith McCree, ya auna yadda ganyen amfanin gona iri 22 yake aiki da kowane launi, ya nuna cewa ja ya fi inganci, amma kore ma ba asara ba ne. Shuɗi kuma yana da wani aiki na dabam: yana hana kara zarcewa, ya sa tsiro ya yi gajere kakkaura.

Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki bai dace da wannan aiki ba, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. In an kusantar da shi ya ƙona ganye, in an nisantar da shi haske ya gaza. Doguwar fitilar nan fara ta ofisoshi ta fi shi dama, kuma an daɗe ana raino da ita. Ita LED wani ɗan ƙanƙanin ƙarfe-ƙarfe ne da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. Nick Holonyak ya ƙera ja a Amurka a 1962. Shuɗi ya ba masana wahala, sai a farkon shekarun 1990 aka same shi mai ƙarfi a Japan, aikin da ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne aka sami farar LED. A 2015 ma'aikatan tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka ci latas da suka noma a can sama da irin wannan fitila.

Yadda Ake Aiki da Ita

Ka'idoji huɗu ne. Na farko, a kunna fitilar da zarar tsiro ya leƙo, domin 'yan kwanaki kaɗan na duhu sun isa su ɓata shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, tsawon lokaci. Akan bar ta awa 14 zuwa 16 a yini, a kashe sauran. Kada a ce tun da haske abinci ne a bar ta dare da rana. Tumatir musamman, ganyensa yakan yi rawaya idan bai sami duhu ba.

Na uku, tazara. Haske yana raguwa da sauri idan an yi nisa da tushensa: ga ƙwai guda, in an ninka tazarar sau biyu, rubu'in hasken kaɗai zai rage. Saboda haka akan rataye fitilar da sarƙa, a riƙa ɗaga ta yayin da tsiro yake girma. Tsiron shi ne alƙali. In ya zarce, fitila ta yi nisa. In ganyen sama ya yi fari ko ya nannaɗe, ta yi kusa.

Na huɗu, sabo da waje. Kafin dashe akan riƙa fitar da tsiron, yau awa ɗaya a inuwa, gobe a ƙara, har kwana 7 zuwa 10. In ba a yi haka ba, rana za ta ƙone shi, domin hasken tsakar rana ya ninka na fitilar raino wajen sau 8.

Ina Matsayinmu?

Wannan adadi na ƙarshe shi ne abin lura. A Kano, yini mafi gajarta ma ya haura awa 11, ga rana a tsakiyar ka. Manomin tumatir a Kadawa, idan ya yafa iri a fangali, rumfar ciyawa yake kafa masa domin ya rage masa rana. Abin da ke kashe dashe a wajenmu shi ne zafi, da dukan ruwan sama, da ƙwari, da ruɓewar gindi idan ruwa ya yi yawa. Babu ɗaya daga cikinsu da fitila take magani. Maganinsu rumfa ne, da raga, da fangali mai tudu, da iri mai kyau.

Bugu da ƙari, a yi lissafi. Fitila mai wat 40, in ta yi awa 16 kullum har mako 6, za ta sha kimanin yunit 27 na wuta, alhali ɗan teburi kawai take haskawa. Kuma idan wuta ta ɗauke kwana biyu, tsiron da ke cikin rufaffen ɗaki ba shi da wata madafa.

Duk da haka, akwai inda ta dace da mu. A ɗakunan bincike, inda ake hayayyafa irin rogo da doya marasa cuta daga 'yan ƙananan yanka, kamar yadda ake yi a cibiyar IITA ta Ibadan, dole a tsare tsiro daga ƙura da ƙwayoyin cuta, saboda haka dole a ba shi haske na fitila. Haka nan ɗalibin da yake son gwada tasirin launi ko tsawon yini a kan shuka, ba shi da kayan aikin da ya fi wannan.

Kammalawa

Jama'a, fitilar raino amsa ce mai kyau ga tambayar da sanyi da gajeren yini suka yi wa mutanen arewacin duniya. Ma'aikacin da aka kawo wa takardar sayen irin waɗannan fitilu da dukiyar jama'a, ya kamata ya tambaya tukuna: mene ne tsiron nan ya rasa? In haske ne, a saya. In kuwa inuwa ce ko ruwa ko kariya daga ƙwari, kuɗin fitila ɗaya zai kafa rumfuna da dama.