Maraɗi: Yadda sauya ƙwan fitila ke rage wa magidanta kuɗin wuta

Da zarar an idar da sallar magariba a unguwar Zariya da ke birnin Maraɗi, tituna sukan fara haskawa ɗaya bayan ɗaya: shagon tela, teburin mai shayi, rumfar mai cajin waya, sai zaurukan gidaje. Wanda ya daɗe bai zo gida ba zai lura da wani sauyi. Jan hasken nan na ƙwan fitila mai zare, wanda ake kira ampul, ya ja baya, farin hasken ƙwan LED ya mamaye wurinsa.

Abin da ya kawo sauyin shi ne lissafin aljihu, da kuma darasin da birnin ya koya a cikin duhu.

Darasin 2023

Maraɗi na samun mafi yawan wutarta daga Najeriya, ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa.

A farkon Agustan shekarar Najeriya ta katse wutar, a cikin takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni unguwanni sun riƙa karɓar wuta bi da bi, masu hali suka koma ga janareta da farantin sola da batir.

A nan ne bambancin ƙwayaye ya fito fili. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake yawan haɗawa da sola, yana ba da kimanin wat 600 na awa guda idan ana son ya yi ƙarko. Ƙwayaye biyar masu wat 60 za su shanye wannan cikin awa biyu. Ƙwayayen LED biyar masu wat 9 kuwa za su kai awa 13, wato daga magariba har gari ya waye.

Lissafin da ke cikin takardar wuta

Tsohon ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar gasa wani siririn zare har ya yi jawur. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, mai irin wannan ƙwai yana biyan kuɗi ne don ƙara wa ɗakinsa zafi.

Gidan da ke kunna ƙwayaye biyar masu wat 60 na awa shida a kullum yana cin kilowat 54 a wata. Idan aka sauya su da LED masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na tsofaffin, cin zai sauko zuwa kilowat 8 da 'yan kai. In aka ƙaddara kilowat ɗaya a kan sefa 80, rarar ta kusa sefa 3,700 a wata, sama da jika 44 a shekara. Da yake farashin kilowat yana hawa ne mataki-mataki gwargwadon yawan abin da gida ya ci, ragin kan iya maido da magidanci mataki mai rahusa.

Akwai kuma ƙarko. Tsohon ƙwai yakan yi awa 1,000 ya mutu, LED mai kyau kuma yakan wuce awa 15,000. Haka doguwar fitilar nan mai wat 36 da ake gani a shaguna da masallatai: ta LED mai wat 18 tana maye gurbinta, kuma ba ta ƙyafta ido idan wuta ta yi rauni.

A Tibiri da Jiratawa, inda gidaje da dama ke dogaro da ƙaramar sola, lissafin ya fi tsanani. Manomin da ke ban ruwa a fadamar Jiratawa ko mai shago a Tibiri, in ya rage abin da fitilunsa ke ci, batirinsa zai rage masa abin cajin waya da kunna fanka.

Ba kowane farin ƙwai ba ne

Matsalar ita ce kasuwa ta cika da jabu. Ana samun ƙwan da aka rubuta wa wat 20 alhali haskensa bai kai na wat 9 ba, ko wanda zai dushe cikin 'yan makonni. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin dubawa a jikin kwali shi ne lumen, ma'aunin haske. Lumen 800 ya yi daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Lambar da ke da harafin K tana nuna launi: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja da ya dace da ɗakin kwana, 6500K kuma fari ne fat, irin na shagon tela ko wurin karatu. Sai a duba gindin ƙwan, ko mai murɗi ne ko mai ƙusa biyu, domin duka biyun suna kasuwa. Zafi ne babban makashin LED, don haka kulle shi a cikin gilashin da iska ba ta shiga yana rage masa kwana.

Ƙwan nan mai lanƙwasa da aka daɗe ana kira mai tsimin wuta yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba. Idan ya fashe, a buɗe tagogi, a fitar da yara, kada a kwashe da hannu tsirara. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata sun amince a 2022 cewa a daina ƙera irinsa na gidaje da cinikinsa tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2025.

Abin da ya wuce gida ɗaya

Ghana ta gwada abin a matakin ƙasa. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimi miliyan 6 kyauta, buƙatar wuta ta ragu da kimanin megawat 124 a lokacin da aka fi kunna fitilu. Wannan ya ninka ƙarfin tashar sola ta Gorou Banda da ke Yamai, mai megawat 30, har sau huɗu.

Sai dai fitila ba ita kaɗai ke cin wuta ba. Fankar sama ɗaya takan ci kusan wat 70, fiye da ƙwayayen LED bakwai, ga firji da dutsen guga. Sauya ƙwai shi ne mataki mafi sauƙi kuma mafi arha, daga nan sai a waiwayi sauran.

Ga 'yan Maraɗi da ke ci-rani a Kano, Legas, Abijan ko Aljeriya, waɗanda ake kira duk ƙarshen wata kan kuɗin wuta, ƙwayaye biyar masu inganci a cikin tsarabar gida za su iya rage abin da za a tura a watan gobe, da na watannin da ke biye.