Karkarwar Hannu A Wajen Dattawa: Me Ke Faruwa A Cikin Ƙwaƙwalwa?

A unguwar Hausawa ta New Bell da ke Duwala, hannu shi ne jarin talaka. Tun da baƙi suka fara taruwa a wannan yanki da Jamusawa suka shata gab da yaƙin 1914, sana'ar Bahaushe ta hannu ce: fawa da gashin tsire, ɗinki da surfani, ƙirgen goro, wanzanci da rubutun allo. Shi ya sa idan hannun dattijo ya fara rawa, gida duka ne ke girgiza. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu, wasu kuma iska. Kafin a kai shi gaban likita, sau da yawa an kwashe shekaru ana kashe kuɗi a inda ba nan maganin yake ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan karkarwa ita ce cutar da ake kira da sunan James Parkinson, likitan birnin Landan da ya bayyana ta a 1817. Ita ce ta kama shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana da ita a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da ita, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25.

Zare da kwarkwaro

Domin mai karatu ya gane tushen cutar, sai mu leƙa cikin ƙwayar halitta. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da wani siririn tantani na kitse, wanda ke tsare abin da zai shiga da abin da zai fita. A bakin kowace jijiya kuma akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, su ma na tantanin kitse, masu ɗauke da sinadarin aika saƙo. A sashen da ke kula da motsi, sunan wannan sinadari dofamin.

Akwai wani furotin mai suna alfa-sinuklin da ke zaune a wannan wuri. Idan yana yawo shi kaɗai, kamar warwararren zare yake, ba shi da tsayayyar siffa. Amma da zarar ya taɓa tantanin jakunkunan nan, sai kansa ya murɗe ya kwanta a jikinsu, kamar yadda zare ke naɗuwa a kwarkwaro. A haka yake taimakawa wajen tara jakunkunan da sauke kayansu. Aikinsa na lafiya ke nan.

Duk telan da ke kasuwar Nkololoun ya san abin da ke faruwa idan zare ya yi wa kwarkwaro yawa: sarƙewa yake yi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa idan furotin ɗin ya yi cunkoso a kan tantani kaɗan, yakan fara manne wa 'yan'uwansa da saurin da ya ninka na da wajen sau dubu. A 2017 aka ƙara gano cewa wasu ƙananan curin da yake yi suna kutsawa cikin tantanin su ɓata shi. Tantani kuwa in ya yoye, gishirin kalsiyam ya kwararo ciki fiye da kima, injinan samar da kuzari na ƙwayar su raunana, daga bisani ta mutu. Wannan irin ƙwaya kuwa ba ta sake tsirowa.

Tun a 1912 likita Friedrich Lewy ya hango waɗansu dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar. A 1997 aka tabbatar alfa-sinuklin ne jigonsu, sannan a 2019 na'urorin hangen zamani suka nuna cewa cike suke da ɓaraguzan tantani da kitse. Haka ma cutar mantuwa ta Alzheimer, guntun furotin da ake zargi a kanta daga cikin tantani ake yanko shi.

Abin da aka gano a Najeriya

Shekara da shekaru kusan duk binciken gado a kan wannan cuta a kan Turawa aka yi shi. A 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, tare da abokan aikinta na Ingila da Amurka, suka wallafa sakamakon binciken da ya haɗa da masu cutar 1,488, 'yan Najeriya da baƙaƙen da ke da tushen Afirka. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda kimanin kashi 39 cikin ɗari na marasa lafiyar ke ɗauke da shi. Sauyin ya yawaita a tsakanin masu asali da Afirka ta Yamma, a Turawa kuwa da ƙyar ake samunsa.

To, mene ne aikin GBA1? Ita ke ba da umarnin ƙera wani sinadari da ke narkar da tsohon kitsen tantani a sashen kwashe shara na ƙwayar halitta. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, kitsen ya taru, shara ta yi jinkirin fita, alfa-sinuklin kuma ya sami wurin sarƙewa. Ke nan binciken na Legas ya dawo da mu kan tantanin da muka faro da shi. Ga al'ummar New Bell, wadda da yawa daga kakanninta suka fito daga ƙasar Hausa, wannan labarin gida ne.

Sai dai a lura, ɗaukar wannan sauyi yana ƙara haɗari ne kawai. Ɗimbin mutane na ɗauke da shi har su tsufa lafiya lau. Yawan shekaru shi ne babban dalili, kuma bincike ya danganta cutar da daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi irin su farakwat. Saboda haka ba dalili ba ne na ƙin auren 'yar gidan da kakanta ke karkarwa, kuma cutar ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musabaha.

Alamomin da za a kula

Karkarwar wannan cuta takan fara a hannu ɗaya, kuma ta fi fitowa idan hannun na ajiye a cinya, kamar mai jan carbi. Motsi yana yin nauyi, taku ya gajarta, fuska ta daskare, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Tashi daga sujada ko ɗaura maɓalli ya zama aiki. Wasu tun shekaru kafin haka sukan rasa jin ƙamshi, ko su yi fama da taurin bayan gida, ko kai duka da ihu a cikin barci.

Ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. Akwai wadda ke tashi sai an ɗauki kofin shayi, akwai ta matsalar maƙoƙo, akwai kuma wadda wasu magungunan amai da na taɓin hankali ke haifarwa, musamman in an saye su a bakin titi ana sha ba ƙa'ida. Likitan jijiya ne zai bambance. Ana iya farawa daga asibitin gundumar New Bell, daga nan a tura mutum Asibitin Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar ɗungurungum. Amma lebodofa, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana cike giɓin dofamin, kuma yakan mayar da mutum bakin sana'arsa na tsawon shekaru. Nama da wake suna iya rage shigarsa jiki, don haka likitoci kan ba da shawarar a sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci. Ba a kuma tsayar da shi farat ɗaya don kuɗi sun yanke, sai an sanar da likita. Tafiyar ƙafa kullum da motsa jiki suna taimakawa ƙwarai.

Jama'a, dattijon da hannunsa ke rawa bai kamata a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba. A riƙa masa hannu zuwa masallaci, a bar shi a majalisa, 'ya'ya su haɗa kuɗin magani wata-wata kamar yadda ake zubin adashi. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.